Ranar da Kawu Ba-Wuya Ya Hau Karaga Mai Taya

A layin masu gyara, tsakanin shagon kafinta da na mai wanki, akwai wani mai gyaran keke da kowa ke kira Kawu Ba-Wuya. Ba shi ya raɗa wa kansa sunan ba, bakinsa ne ya jawo masa. Ka ce masa rufin ɗaki na yoyo, ya ce ba wuya. Ka ce haƙori ke maka ciwo, ya ce ba wuya, ya shiga laluben filaya. Zuciya kam Allah ya ba shi mai kyau, ba mai ƙwace masa wannan. Sai dai duk abin da ya sa wa hannu, in dai ba keke ba ne, sai an kira wani ya gyara gyaran.

A gidansa Malama take zaune. 'Yar ƙanwarsa ce, shi ya riƙe ta tun tana 'yar shekara biyar bayan rasuwar mahaifiyarta, da facin taya ya yi mata makaranta har ta gama. Yanzu ta samu koyarwa a firamare, aji biyu, amma na gwaji ne. Ranar Alhamis Sufeto za ta zo ta zauna ta kalli darasinta na minti arba'in. In ta sa hannu, aiki ya tabbata. In ba ta sa ba, Malama ta dawo gida ta ci gaba da taya Inna, matar Kawu, wanke-wanke.

Kuskuren Malama ɗaya ne: ta faɗi maganar ana cin abinci ranar Litinin.

"Darasin me za ki yi mata?" in ji Kawu.

"Tarihi ne, Kawu. Kayan wasan yaran da, da sarakunan da."

Kawu ya ajiye cokali a hankali. Inna ta ɗago ta yi wa Malama irin kallon nan na kin jawo mana.

"Da me za ki koyar?"

"Na zana hotuna a kwali. Akwai kuma 'yar tsana guda."

"Hotuna! A kwali! Ina raye, ina numfashi a gidan nan? Ke kin san wanda ya fi kowa iya motar gwangwani a zamaninmu? Yara daga wata unguwa suke zuwa kallo. Sarauta kuwa a jininmu take. Kakan kakana a fada ya tsufa."

"Jaki dai na ji an ce yake kora," in ji Inna.

"Jakin wa? Na sarki! Ke ba ki san matsayi ba. 'Yata, ki kwantar da hankalinki. Ni zan zo da kaina, sarki guda da kambinsa da karagarsa, da buhun kayan wasa. Sufeton nan sai ta nemi ƙari."

"Kawu, da ka bari..."

"Ba wuya!"

Malama ta dube shi. Ta ina za ta ce a'a ga mutumin da ya taɓa sayar da kekensa don ta zana jarrabawa? Ta ci gaba da cin abincinta, ta ce a ranta, Allah ka kawo sauƙi.

Washegari da ta taso daga makaranta ta biyo ta shagon, ta tarar ba keke ko ɗaya da aka taɓa. Masu kawo gyara uku suna zaune a benci suna hamma. Kawu kuwa ya tara gwangwanaye, murafen kwalba, tsofaffin wili da tsummoki, gumi har gemu. Kafinta ya bar aikinsa ya jingina da ƙofa yana kallo, don shi ba ya bari irin wannan ta wuce shi.

"Malama, zo ki ga ikon Allah," in ji Kafinta. "Kawunki ya buɗe masana'anta."

"Mai baƙin ciki," in ji Kawu. "Duba nan, 'yata. Wannan gare-gare ne. Wili da sanda, shi ke nan. Da ƙuruciyata sai in kora shi daga gida har kasuwa bai faɗi ba."

Ya ɗora wilin a ƙasa ya buga masa sanda. Wili ya miƙe kamar an aike shi, Kawu ya bi shi, riga na kaɗawa. Wili ya tsallaka titi, ya ratsa tsakanin ƙafafun mai lemo, ya shige shagon aski. Sai aka ji ihu. Can sai ga wani mutum ya fito da rabin gemu, kumfa har kunne, riƙe da wilin, yana tambayar na wane ne.

"Na ƙuruciyarsa ne!" Kafinta ya ƙwala, yana riƙe ciki.

Da aka ba mutumin haƙuri, Kawu ya dawo yana haki ya ce ƙasa ce ta sauya, ta da ta fi riƙe wili. Ya ɗauko danƙon harbi.

"Kawu, ban da wannan," in ji Malama. "Yara ne 'yan shekara bakwai."

"Gwadawa kawai zan yi. Kin ga gwangwanin can a kan katanga?"

Ta gani. Gwangwanin ma yana nan har yau, ba abin da ya same shi. Butar shayin Kafinta ce ta tafi, daga kan teburi zuwa cikin kwandon ƙusoshi.

"Allah ya isa tsakanina da tarihi," in ji Kafinta.

Ranar Laraba aka shiga sarauta. Inna ta dawo daga unguwa ta tarar ɗakinta tsirara, labulen ƙofa ya ɓace. Ta juya za ta zauna ta yi salati, kujerar ma babu. Ita da Malama suka fito, suka iske kujerar a tsakar gida an ɗaure mata wilin keke huɗu, an liƙa mata ƙararrawa a hannu, Kawu na zaune a kai ya yafa labulen, da furanninsa ja da rawaya.

"Malam, labulena!"

"Aro ne. Gobe zai dawo da daraja. Labule nawa ne a layin nan ya taɓa hawa bayan sarki?"

"Kujerar fa? Me ya kai taya jikinta?"

"Sarki ba ya tafiya a ƙasa. Kuma na haɗa darasi biyu wuri guda: ga karaga, ga mota. Wannan shi ake kira basira."

Kafinta, da yake gidansa na maƙwabtaka da su, ya leƙo ta katanga, ya ƙare wa abin kallo, ya ce, "Ina birkin?"

"Ka taɓa jin sarkin da aka taka wa birki?"

"Ban taɓa jin wanda ya hau kujerar matarsa ba dai."

Sai kambi. Babban gwangwanin fenti ne Kawu ya yanke gindinsa, ya yi wa bakin tsini-tsini kamar haƙoran zarto, ya shafe shi da ruwan zinariya. Da ya kifa, sai ya zarce har hanci. Ya cire, ya naɗe cikin da robar taya, ya gwada, ya ƙara wata, ya ƙara wata, har sai da ya danna da hannu biyu kafin ya shiga. Cirewa ma sai da Inna ta taka masa kafaɗa.

Bayan sallar la'asar Malama ta zauna kusa da shi ta yi ƙasa da murya.

"Kawu, don Allah abu uku nake roƙo. Minti goma kawai za ka yi. Ka bar danƙo a gida. Na uku shi ne babba: kada ka ba yaro komai a hannu sai ka gama magana. Mu haka muke yi. Yaro in ya riƙe abu, kunnensa ya tafi hutu."

"Ni za ki koya wa yara? Wa ya rene ki?"

"Ni kaɗai ce, Kawu. Waɗannan talatin da takwas ne."

"Ko ɗari ne. Ba wuya."

Alhamis ta zo. Sufeto ta iso ƙarfe tara daidai, dattijuwa siririya mai tabarau, da littafi da jan biro. Ba ta da fara'a, ba ta kuma da fushi, irin fuskar nan da ba ka san inda ta dosa ba. Hedimasta ya kawo ta da kansa, ya sa mata kujera a bayan aji. Malama ta yi bisimilla a zuci ta fara. Minti biyar na farko kamar ruwan sanyi: yara sun nutsu, an ɗaga hotuna, an tambaya an amsa. Har ta fara jin numfashinta ya dawo.

Sai ƙararrawar keke daga waje. Ƙiriring! Ƙiriring!

"A buɗe hanya! Sarki ya iso!"

Ga Kawu a bakin ƙofa, kambi na walƙiya, labule na jan ƙasa, buhu a cinya, mai gadin makaranta na turo shi yana kawar da kai don kunya. Karaga ta zo ƙofar aji ta ce ba ta san zancen ba. Aka karkata ta dama, aka karkata ta hagu, wili ya ci bango.

"Ƙofarku ce ƙarama," in ji Kawu. "Da ma sarakunan da a fili suke zaman fada. Yara, ku fito!"

Kafin Malama ta ce uffan, aji ya zube waje. Sufeto ta ɗauki kujerarta da kanta ta fito baranda, ta rubuta wani abu. Malama ta ji ƙarar biron har cikin ƙashinta.

Gaban ajin tudu ne, daga nan ƙasa ta gangara har famfon makaranta, inda ruwa ke taruwa ya yi caɓi. Mai gadi ya tsayar da karagar a kan tudun, ya sa dutse a gaban wili ɗaya, ya koma bakin aikinsa da sauri kamar wanda ya ajiye garwashi. Malama ta zaunar da yara a ƙasa layi-layi.

Kawu ya gyara murya. "A zamanin da, can da, tun ba a yi kakanninku ba, an yi wani sarki..."

Ba mai kallonsa. Ido saba'in da shida duk suna kan buhu, don wata 'yar tsana ta leƙo da kanta ta bakinsa.

"Na ce an yi wani sarki!"

"Baba, mene ne a ciki?" in ji wata yarinya a layin gaba, wadda ake kira 'Yar Giɓi saboda haƙoranta biyu na gaba sun tafi ba su dawo ba.

"Ba Baba ba, Ranka ya daɗe za ki ce."

"Ranka ya daɗe Baba, mene ne a ciki?"

Kawu ya ga babu mai sauraro, ga Sufeto na kallo. Malama ta girgiza masa kai, ta sake girgizawa, har ta haɗa hannu alamar roƙo. Shi kuwa ya kashe mata ido, wai ya san abin da yake yi. Ya kwance bakin buhu.

"Sarki mai kyauta ne! Ku zo ku karɓa, sannan ku saurara!"

Kayan wasa ashirin, yara talatin da takwas. Ko wanda bai yi makaranta ba ya san yadda wannan lissafin ke ƙarewa. Mutum uku suka kama motar gwangwani ɗaya, kowa ya tafi da rabonsa. 'Yar tsana ta rabu da hannunta. Wasu 'yan biyu suka samu wayar gwangwani mai zare, suka ja zaren ya ɗaure ƙafar Hedimasta, suna ta ihu a ciki, "Kana ji na? Kana ji na?" alhali kafaɗarsu na gogar juna. Ƙwallon tsumma ta tashi ta sauka a cinyar Sufeto. Ta ɗauke ta da yatsa biyu, ta ajiye a gefe, ta rubuta wani abu. Waɗanda ba su samu ba suka buɗe baki gaba ɗaya, kuka ya tashi har 'yan aji shida suka cika tagogi.

"Shiru! Sarki na magana!" Kawu ya yi ta kaɗa ƙararrawa.

'Yar Giɓi, da yake ba ta samu komai ba, ta tsaya a gabansa ta riƙe ƙugu.

"Wane ne ya ce kai ne sarki?"

"Gado na yi."

"Ina gadon? Wannan ai kujera ce."

"Ke! Gado na kakanni."

"Me ya sa rigarka take da ƙugiyoyin labule?"

"Ado ne na da."

"Yaya sunan sarkin da ka ce?"

Kawu ya sosa gemu. Kwana uku yana yanka gwangwani, bai taɓa tunanin sarkin zai buƙaci suna ba. "Sunansa... ba a faɗin sunan sarki, rashin ladabi ne."

"To ni ma ina so in zama sarki. Yaya ake yi?"

Nan ne fa bakin Kawu ya gama aikinsa. Ya bubbuga kambin da yatsa, ya ɗaga murya yadda har na taga za su ji.

"A zamanin da, sarauta ta jarumai ce! Duk wanda ya iya cire wannan daga kan sarki, shi ne sabon sarki!"

Kuka ya tsaya cak. Malama ta ce, "Innalillahi." Ita ta san abin da Kawu bai sani ba: ɗan shekara bakwai ba ya jin magana a matsayin labari, umarni yake ji.

Suka taso masa kamar an fasa gidan tururuwa. Wasu ta gaba, wasu ta baya, wasu suka hau wili. Hannu goma sha a kan kambi, ana ja, kambi ya ce ina nan, robar taya ta riƙe gam. Kai na bin kambi, wuya na bin kai.

"Wayyo kunnena! Ku bari! An fasa! An fasa sarautar!"

Ana cikin haka wani yaro ya lalubo danƙo a gindin buhu, wanda aka yi alkawarin bari a gida. Danƙo kuwa sai da dutse. Ya duba nan, ya duba can, sai ga wani kyakkyawa a gaban wili. Ya sunkuya ya zare.

Karaga ta yi ɗan motsi, kamar mai neman izini. Yara suka dire. Sannan ta miƙa.

"Ku tare! Jama'a ku tare!"

Wa zai tare? Kawu ya gangara, ƙafafu a sama, labule na tashi a bayansa, hannunsa ya maƙale a ƙararrawa tana ta ƙiriring-ƙiriring. Masu gare-gare suka ga abin da ya fi nasu gudu, suka kora wilinsu suka bi shi, sauran aji na biye suna "Sarki! Sarki!" Mata masu sayar da abincin tara suka kwashe robobinsu suka watse. Hedimasta ya yunƙura zai bi, zare ya tuna masa da kansa, ya zauna daɓas. Daf da famfo gefen labulen ya shiga wili ya naɗe. Wannan ne birkin da aka samu. Kujera ta tsaya, Kawu bai tsaya ba. Ya yi sama kaɗan, ya sauka da zama a tsakiyar caɓi, kambi na nan daram.

Makaranta gaba ɗaya ta ɗauki tafi.

Malama na tsaye a baranda. Ta hango kanta a gaban kwanukan Inna. Sai ta ji murya a gefenta, ba sama ba ƙasa.

"Malama, saura miki minti goma sha huɗu," in ji Sufeto, tana duban agogo.

Malama ta share ido da gefen mayafi. Ta sauko tsakiyar fili, ta tafa sau uku, ta ɗora hannu biyu a ka, ta tsaya ƙyam ba ta ce komai ba. Na kusa suka gani suka ɗora nasu. Na nesa suka ga na kusa. Kafin a ƙirga ashirin, yara talatin da takwas sun dawo sun zauna, hannu a ka, kayan wasa a tare a gabanta. Ta ɗaga rabin mota.

"Da me aka yi wannan?"

"Gwangwani!"

"Saya aka yi a kanti?"

"A'a! Yi aka yi!"

"Wa ke yi wa yaran da kayan wasa?"

"Su da kansu!"

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, wili, tsumma, zare, kowa na rige-rigen amsa, don yanzu ba wanda bai taɓa abin da hannunsa ba. Sannan ta nuna can gindin famfo, inda mai gadi ke ƙoƙarin ciro Kawu.

"To, sarkinmu ya faɗi. Wa zai gaya mini dalili?"

Hannuwa suka tashi.

"Ba shi da birki!"

"Bai raba daidai ba, ni ban samu ba!"

"Ƙarya ya yi, labule ne!"

'Yar Giɓi ta miƙe. "Malama, na ga kina ce masa kar ya buɗe, ya buɗe. Ba ya jin magana."

"To sarki na gari fa, yaya yake?"

"Yana jin magana!"

"Yana rabawa daidai!"

"Yana da birki!"

Daga nan ta ɗauko kwalayenta, ta ba su labarin sarakuna biyu da ke cikin littafinsu, da sunayensu da abin da kowanne ya gina, suka tantance wanne ya ji shawara, wanne bai ji ba. Aka kaɗa ƙararrawar ƙarshen darasi, ta makaranta wannan karon, ba wanda ya motsa sai da ta sallame su.

Sufeto ta rufe littafi. Ta daɗe tana goge tabarau.

"Wancan bawan Allah, wane ne naki?"

"Kawuna ne. Shi ya rene ni."

"Allah ya saka masa. Ke kuma ya ƙara miki haƙuri." Ta buɗe takarda. "Shekara ashirin da shida ina shiga aji. Kowa ya iya koyarwa in ƙasa na zaune lafiya. Ban taɓa ganin wadda ta ƙarasa darasi bayan juyin mulki ba sai yau."

Ta sa hannu. Malama ta ce alhamdulillahi sau uku, na ukun da hawaye.

Sai ga Kawu ya taho yana ɗingishi, taɓo har gira, rabin labule a wuya, kambi ya danne masa kunne ɗaya.

"Yaya? Ta ci?"

"Ta ci," in ji Sufeto.

"Ai na faɗa! Faɗuwar nan ma cikin shiri take. Yaro ba ya gane tarihi sai ya ga ƙarshen mulki da idonsa."

Hedimasta, yana kwance sauran zare daga ƙafarsa, ya yafito mai gadi. Ya kama kafaɗar Kawu ya juyo da shi.

"Kalli fuskar nan da kyau. Ka riƙe ta?"

"Ranka ya daɗe, ko a cikin taron kasuwa."

"Da kambi ko ba kambi, a keke ko a kujera, daga bakin ƙofa ka san aikinka."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Kawu ya gyara tsayuwa, ya waiwayi Malama, fuska cike da annuri a ƙarƙashin taɓo.

"Kin ji ko, 'yata? Iyaye nawa ke shigowa makarantar nan kullum? Wa aka taɓa cewa mai gadi ya haddace fuskarsa? Maza kira mini Kafinta ya zo da almakashin ƙarfe. Amma ki ce masa ya biyo ta babban titi, kuma kada ya yi sauri. Akwai waɗanda ba su gan ni ba tukuna."